Hodar Ido Ta Kusa Kai Ni Ɗaurin Zinari

'Yan uwa, yau da ƙyar na fito daga bodar Jibiya.

Kun san hodar saman idon nan mai ƙyalƙyali, 'yar Japan, da na ce zan gwada muku? Yau na karɓo ta a Maraɗi. Ashe a mota buhun wata mata ya danne jakata, mai ruwan zinariyar ta farfashe.

A boda, jami'ar bincike na zura hannu a jakar, ta fito da shi yana walƙiya. Ta ce, "Hajiya, garin zinari kike ƙetarowa da shi?"

Na ce wallahi kwalliya ce. Ta juya kwalin, rubutun Japan ne, ba mai iya karantawa. Wani ya ce a kawo ankwa.

Na fashe da kuka. Ta ce, "To shafa mu gani."

Na ɗage niƙabina gaban maza, na shafa ina kuka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in tafi.

Sai a garin Daddara na duba madubi. Duk kukan nan, hodar ko gezau ba ta yi ba. Ku saya, amma ni na bar ta.