Kan jikana da hular ɗan maƙwabta

Har yau ban yafe wa ƙanwar mijina ba, kuma ba ni da niyya. Ita ce ta leƙa zanen jikana, ta ce, "Wannan ai ludayi aka haifa mana."

'Yata ce ta zo goyon ciki gida, nan Dandamisa, ta haihu a asibiti can Makarfi. Watanninsa sun cika cif, amma yaro ya fito kai ne a gaba, sauran jiki na biye da shi a wahale. Ƙafafu tamkar tsinken tsire, fatar cinya ta yi masa yawa kamar ya ari wandon kakansa. Idanu kuwa tar, yana kallonmu kamar dattijon da aka tasa daga barci.

Muna dawowa gida ƙanwar miji da ungozoma suka yanke shawara: kan ne ya yi girma. Za a riƙa gasa shi da tsumma mai zafi ana dannawa har ya koma daidai.

Na ce, "Baaba, kai ne fa, ba curin fura ba."

Ungozoma ta ce, "Ke da kika shiga aji da furfura, yau ke za ki koya min?"

Na zari mayafi na faɗa gidan maƙwabta, inda aka haifi wani ƙato a satin. Na tuɓe masa hula da riga, uwarsa na salati, na dawo gida na saka wa namu. Hula ta zauna a kan jikana ɗas, ko yatsa ba ya shiga. Riga kuwa ta haɗiye shi, sai da muka laluba kafin muka gano hannu.

Na ce, "To, wanne ne bai kai ba?"

Sai a lokacin 'yata ta buɗe baki. Wai ai an gaya mata a asibiti: abinci bai ishe shi ba a ciki, ɗan abin da ya samu kai ya tura wa. An ce nono akai-akai, da ɗumin jikin uwa. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa!

Ƙanwar miji ta ce duk da haka gobe za a gasa, ɗan kaɗan.

Gari na wayewa na cusa yaron cikin rigar uwarsa, ƙirji da ƙirji, na ɗaure su da zane. Na jawo turmi na zauna a bakin ƙofa da muciya a hannu.