Gwaggo Eleuteria, Mai Mayar da Dutse Mazauninsa

Da safiyar Talata, sha biyu ga watan Agusta, ina tsugune a gangaren tsaunin Yurakrumi, can sama inda ciyawa ke ƙarewa. Dusar ƙanƙara ta sauka kafin asuba, ta rufe ƙasa kaurin yatsa biyu. A gindin wani faffaɗan dutse, ta gefen da rana ke fara taɓawa, dusar ta narke ta bar ɗan fili baƙi. A nan na gan ta. Apasanka ce, gizo-gizon nan mai gashi, girmanta bai cika tafin hannuna ba, baƙa mai jan gashi a gadon baya. Ta fito da rabin jikinta daga rami, ta ɗora ƙafafun gaba biyu a kan farar ƙanƙara, tana shan hantsi kamar tsohuwa a ƙofar ɗaki. Da muka gangaro, ni da waɗanda muka hau tare, tun kafin mu kai rafi, sai na ji ƙararrawar coci, bugu ɗai-ɗai. Ban tambayi kowa ba. Na san ke ce, Gwaggo.

A wannan safiya Allah ya karɓi ran Eleuteria Layme Ccahuana, yayar mahaifina, wadda garinmu ke kira Mama Luti, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan ciwon ƙirji na mako uku.

Yau kwana takwas ke nan. An wanke tufafinki a rafi, an yi addu'a, kowa ya koma wurin garkensa. Ni dai na kasa zama. In ɗauki cokali in ajiye. In fita in gyara katangar garke wadda ba ta rushe ba, in dawo, in sake fita. 'Yarki Fidela ta ce mini, "Efraín, ko dai ka zauna ko ka tafi, kana sa mini jiri." Shi ya sa na nemi takarda. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ke kika ce wanda ya iya kallo ya iya faɗa.

Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu, kika zo kika ɗauke ni ba tare da kin nemi shawarar kowa ba. Kika goya ni a mayafinki har bukkarki ta kiwo, ni da wani ɗan alpaka, dabbar kiwonmu mai ulu da dogon wuya, da uwarsa ta ƙi, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji. Kullum kina cewa ɗan alpakan ya fi ni hankali, don shi bai yi kuka ba. A bukkar nan ba a taɓa sauke tukunya babu saura ba. Kina barin dafaffen dankali da gasasshiyar masara a bakin murhu, kina cewa na wanda hanya ta kawo ne. Direbobi, masu neman dabbar da ta ɓata, har wani mahaukaci da ke yawo tsakanin garuruwa, duk sun ci. Shekarar da sanyi ya kashe wa Mama Benigna rabin garkenta, ke kika kora mata alpaka mata huɗu, kika ce wai sun dame ki da gardama, ta taimaka ta riƙe miki. Ba ki taɓa zuwa karɓa ba.

Amma abin da garin nan zai fi tuna ki da shi, kuma abin da ya hana ni zama, shi ne maganar duwatsu.

Tun ina ƙarami kike cewa akwai apasanka a Yurakrumi, a ƙarƙashin faffaɗan duwatsu, inda ruwa ke daskarewa a tulu. Kowa ya san apasanka ta kwari ce, can ƙasa wurin gonakin masara inda ake zufa. Don haka aka mai da maganarki abin dariya. Wanda ya fi kowa kuwa shi ne dattijon da muke kira Don Saturnino, ƙanin marigayi mijinki, wanda yanzu shi ne shugaban gari. Duk inda ya hange ki sai ya ɗaga murya.

"Matar yaya! Ya garkenki masu ƙafa takwas? Yaushe za a yi musu aski, mu samu gashin saƙa hula?"

"Ran da aka aske gashin da ya toshe maka kunne, Satuku," in ji ki. "Wataƙila ka fara jin magana."

Shekara talatin kuna haka. Ya ce ki kawo ɗaya a kwalba kowa ya gani, kika ƙi. Ya ce to ki nuna wurin, kika ƙi. Da na sami waya na ɗauko hoto, ya duba ya ce, "Kyakkyawa kuwa. A gonar wa ka ɗauka a kwari?" Mutane suka ce ai mai gaskiya ba ta ɓoye shaida. Ba su san dalilinki ba. Ni na sani, don a kaina kika koya mini.

Kin ce dutsen da apasanka ke ƙarƙashinsa shi ne rufin ɗakinta, shi ne kuma murhunta. Yana shan rana da yini, ya riƙe ɗumi ya ba ta har gari ya waye. Ba a ɗaga shi sai rana ta ɗumama bayansa, ka sa tafin hannu ka ji. Sai ka ajiye ganyen koka uku, irin wanda muke taunawa muke kuma yin baiko da shi, ka nemi izinin dutsen. Ka ɗaga ta gefe guda kamar murfin tukunya, kada ka kifar. Ka duba da ido, ba da hannu ba. Sa'annan ka mayar da shi a kan shatinsa, daidai yadda ya kwanta, ka danna ƙasa a gefensa da yatsa don kada iska ta sami hanya. Kina iya ɗaukar lokacin da za a dafa miya wurin mayar da dutse ɗaya.

Ina da shekara goma sha tara na karya wannan ƙa'ida. An yi miki dariya a kasuwa, raina ya ɓaci, na hau da sassafe ni kaɗai da kwalba a aljihu. Rana ba ta fito ba na ɗaga dutse. Na same ta, uwa ce, ta rungume ƙwanta a farin ƙunshi kamar auduga. Na kasa sa ta a kwalbar. Na sake dutsen da sauri, ya kwanta a karkace, na ce ai ba komai. Washegari muka bi ta wurin tare. Tun daga nesa kika tsaya.

"Wa ya taɓa wancan?"

Kika ɗaga. Uwar nan ta naɗe ƙafafunta a ciki, ta sandare, ƙunshin yana nan a ƙirjinta. Wata 'yar ƙofa da ba ta kai faɗin yatsa ba, ita ta shigar da sanyi. Na ce, tunda ta riga ta mutu, mu kai ta gari su gani. Ba ki yi mini faɗa ba, da ma kin yi. Kika ce, "Idan sun gani, gobe yara hamsin za su hau nan da kwalabe. Kai da ka tashi a hannuna ma ga abin da ka yi." Kika tona ɗan rami da yatsunki kika rufe ta. Tun daga ranar ban sake gaggawa da dutse ba.

Shekara biyu da suka wuce wata malama ta zo daga birnin Cusco, Malama Marleni, mai binciken irin waɗannan halittu. Ta ji labarinki ne a wurin wani direba da ya taɓa cin dankalinki. Mutuniyar kirki ce, ta zauna a ƙasa ta sha miyarki. Kina shirin kai ta, sai samarin gari suka riga ku, suna so su burge baƙuwa. Suka bazu a ƙasan gangaren tun da sanyin safiya, suna kifar da duwatsu kamar masu haƙar dankali, tana roƙonsu su bari ba su ji. Ba su sami komai ba sai kunama biyu. Da kika ga gangaren, duwatsu duk a kife, cikinsu a sama, kika juya kika koma bukka. Malamar ta bar lambarta a wurina ta tafi hannu wofi, gari kuma ya ce to, ga mai ilimi ma ta duba ba ta gani ba. Kwana tara muka yi ni da ke muna mayar da duwatsun nan, ɗaya bayan ɗaya, muna neman shatin kowanne. Gwiwoyinki suka kumbura. Ba wanda ya zo ya taya mu.

Bana masu gyaran hanya suka zo neman duwatsun shimfiɗa, idonsu ya faɗa kan Yurakrumi. A taron gari na watan jiya kika miƙe, kina tari, kika ce duwatsun nan da masu su. Aka yi dariya har da buga ƙafa. Don Saturnino ya ce, "To a aika wa masu ƙafa takwas takarda, su zo su kare kansu." Saboda girman shekarunki kaɗai aka ɗaga maganar zuwa taro na gaba. Taron nan shi ne na ranar Lahadi mai zuwa. Idan aka ɗaga hannu aka yarda, motoci za su hau kafin damina, kuma ba mai mayar da dutse ko ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da ke, wata rana da la'asar kika sa na kira Don Saturnino. Ya shigo yana murza hula.

"Matar yaya, tashi mana. Wa zan tsokana in kin kwanta?"

"Zauna, Satuku. Efraín zai kai ka sama."

Na ce, "Gwaggo, ke kika ce kada a nuna wa kowa."

"Ni na ce. Yanzu kuma na ce ka kai shi. Garin nan bakinsa suke kallo. Amma kada ka bari ya taɓa dutse, hannunsa hannun fasa itace ne."

Ya yi dariya. "In ban ga komai ba fa? Za ki saƙa mini sabuwar hula."

"Na yarda. In ka gani kuma, kai za ka miƙe a taro ka faɗa da bakinka."

"Na ji," ya ce. A gabana ya faɗa, a gaban Fidela.

Safiya uku muka hau. Gwiwarsa ba ta da lafiya, don haka a doki ya tafi, matarsa Mama Benigna tana jan linzami, ta ce ba ta yarda ya faɗo ya bar mata jinya ba. Ranar farko na ɗaga duwatsu bakwai, babu komai sai tsohuwar saƙa. Ya ce, "Yaro, in haka kake neman mata, za ka mutu gwauro." Rana ta biyu hazo ya rufe, dutse bai yi ɗumi ba, na ƙi ɗagawa. Ya yi fushi, ya ce mun haɗa baki ne mu kashe shi da sanyi, ya rantse ba zai sake hawa ba. Mama Benigna ce ta ɗaura wa dokin sirdi washegari.

Rana ta uku ita ce Talatar nan. Ban ma ɗaga dutse ba, ita ta fito da kanta. Na ɗaga masa hannu, ya sauko yana ɗingishi, ya durƙusa kusa da ni. Sai ya cire hula, iska tana kaɗa furfurarsa. Ya miƙa hannu zai taɓa dutsen, na riƙe wuyan hannunsa, ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Bai fizge ba. Mama Benigna ta leƙo ta bayanmu ta ce, "Ka gani, ko in koma gida in ɗauko maka tabarau?"

Muka gangaro da sauri, yana ta cewa a ƙara wa dokin sauri, yana so ya faɗa miki da kansa. Ƙararrawa ta tare mu a hanya.

Shi ya ɗauki gaban akwatin gawarki, Gwaggo, da gwiwar nan tasa. Ya yi kuka a bakin kabari, kowa ya gani. Amma daga ranar zuwa yau bai ce komai a kan abin da ya gani ba. In ya hango ni sai ya sauya hanya. Na san abin da ke gabansa. Ya riga ya yi wa masu gyaran hanya alkawari, 'ya'yansa biyu suna sa ran aiki a wurinsu, kuma mutumin da ya shekara talatin yana dariya ba ya jin daɗin miƙewa ya ce shi ne bai sani ba. Ba na zarginsa. Na taɓa barin dutse a karkace na ce ba komai, na san yadda abin yake. Na kira Malama Marleni, ta ce za ta zo da takardu, amma sai wata mai zuwa. Lahadi kuwa saura kwana huɗu.

Ubangiji ya jiƙan ki, Gwaggo. Ya gafarta miki, ya ba ki hutawa ta har abada, ya haskaka miki da haskensa. Yadda kika rufa wa ƙananan halittunsa asiri daga sanyi, shi ma ya rufa miki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Cirilo da ya taso daga birnin Arequipa da Fidela da ta yi jinyarki, da jikokinki biyar, da mahaifina wanda ya rasa yayarsa, da dukan gidan Layme da gidan Sullca. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu iya riƙe abin da ta bari.

Za a karanta wannan takarda a ƙofar coci bayan addu'ar yammacin yau, don haka bari in faɗa a fili. Wane dutse ne, ba zan rubuta ba, ba kuma zan nuna ba. Amma Eleuteria Layme ba ta yi ƙarya ba. Ranar Lahadi zan miƙe in faɗi abin da na gani, in zauna in jira. Ba ni kaɗai na gani ba. Mama Benigna Huillca ta gani, linzami a hannunta. Don Saturnino Sullca Paucar, shugaban garinmu, ƙanin mijinki, ya gani, yana durƙushe a kan ƙanƙara, hularsa a ƙirji.