Motar da Ta Cinye Gonar Inna

Wata Asabar ce bayan an gama yankan shinkafa, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Badariya ina goge gindin tukunya da toka, sai na ji ham a ƙofar gida, irin ham ɗin nan mai kauri wanda ba na mashin ba. Na watsar da soson na ruga, ƙannena huɗu suka take mini baya. Muna fita zaure muka ci birki. Wata doguwar mota ce ruwan toka, sai sheƙi take yi kamar an lashe ta, ƙofofinta a buɗe, ƙamshin turare na fitowa daga ciki har bakin kwata. Baffa Ummaru, ƙanen Baba, shi ne a gaba yana kaɗa makulli a yatsa, ga wani dillali mai jar hula a gefensa yana ta washe baki. Kafin a ce me, maza sun cika ƙofar gida: mai shago, mai faci, ladanin masallacinmu, har da waɗanda ko keke ba su taɓa mallaka ba, kowa yana shura taya yana gyaɗa kai.

Mun daɗe muna bukatar mota, wannan ba wanda zai musa. Baba malamin makaranta ne, mashin ɗaya gare shi, mu kuwa mu biyar ne ga Inna da cikin na shida. Inna 'yar Argungu ce, kuma duk hutu can muke tafiya wurin Kaka. Wanda bai taɓa shiga motar haya da yara biyar ba bai san wulaƙanci ba. A ɗora mini ƙanena a cinya, a ɗora masa kwanon abinci, kwandasta yana ta mita wai mun cika masa mota da 'yan rabin kuɗi. Kafin mu isa, ƙafafuna sun mutu, sai an kama ni nake sauka. Amma da zarar na shaƙi iskar fadama sai in manta da komai.

A can Inna take da gonar shinkafa, wadda ta gada daga mahaifinta. Ba wata babba ba ce, sai dai ƙasarta baƙa ce mai maiƙo, ba ta taɓa ba mu kunya ba. A gonar nan na koyi korar tsuntsaye da gwangwani da igiya tun kafin rana ta fito, na koyi riƙon lauje, na ga yadda ake bugun dami a jikin ganga, mata suna sheƙa da faifai ƙaiƙayi na bin iska. Idan manya suka juya baya sai mu faɗa kududdufi kamun tarwaɗa da hannu, mu dawo jikinmu duk laka, Kaka ta bi mu da tsumagiya tana dariya. Shinkafar gonar ce muke ci daga kaka zuwa kaka, ita ake aunawa a sayar in kuɗin makaranta ya taso, ita ake kai wa maƙwabta in an yi haihuwa. Inna takan ce, "Albashi na ƙarewa ran ishirin ga wata, gona ba ta san kwanan wata ba."

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, akwai wata motar. Alhaji Rasaki, wani Bayarabe mai sayar da atamfa a unguwar Nasarawa, wanda Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu, ya sa tasa a kasuwa. Tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, gilashin baya ɗaya sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Amma kujera layi uku gare ta, ga but da zai ɗauki buhu huɗu, kuma duk garin an san tarihinta, don a idon kowa yake kai ta gareji ana canza mata mai. Ɗan abin da Baba ya tara, in aka haɗa da shinkafar bana, ya isa a saye ta ba tare da an taɓa ko taki ɗaya na gonar ba. Inna ita take so. Baba ma ya fara karkata, sai Baffa Ummaru ya shigo maganar. Wai ina aka taɓa ganin malami guda a motar kwasar atamfa? Wai idan Baba ya shiga makaranta da ita ɗalibai za su ɗauka kayan kasuwa ya kawo. Shi ya san wani dillali mai 'yar Kwatano, sabuwar shigowa, ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, ana neman kai da ita don mai ita yana cikin uzuri. Kuɗinta dai ya ɗara na waccan, sai an haɗa da gonar Argungu. Ita ce wannan da ke tsaye a ƙofar gidanmu tana ƙamshi.

Mazan nan sun yi duk abin da maza ke yi idan sun ga mota. An buɗe banet an leƙa, an zaro ma'aunin mai an shafa a yatsa, an taka totur an saurara da kunne ɗaya a karkace. Mai faci ya rantse tayoyin ba su yi wata uku ba. Da aka kira la'asar suka ɗunguma masallaci, sai Inna ta zumbula hijabi ta fito, ta ce bari ita ma ta ga abin da za a sayar da gonar ubanta dominsa. Ba ta dubi injin ba. Kujerar baya ta shiga ta zauna, ta rufe ƙofa. Ina kallonta ta gilashi, na ga ta lumshe ido tana jan numfashi a hankali, irin yadda take yi idan tana son ta gane ko miya ta fara juyawa. Sai ta buɗe ƙofar ta yafito ni, ta ce in kwanta in zura hannu ƙarƙashin kujerar gaba, can ciki inda tsintsiya ba ta kaiwa, in debo duk abin da na taɓa. Na zura har kafaɗa. Abin da na fito da shi busasshiyar laka ce baƙa, ta daskare a jikin ƙarfe, da wani ɗan ƙaramin bawon katantanwa a cikinta. Inna ta murza lakar a tafin hannu, ta sansana, ta ƙulle a bakin hijabinta.

Da aka fito daga masallaci ta tsaya daga bakin zaure, ta rage murya yadda ya kamata, ta buɗe ƙullin. "Malam, motag ga ta kwana cikin ruwa. Kuma ba kwana guda ba. Turaren ga da kaj ji, rufin asiri na." Na ga fuskar Baba ta canza, na rantse ya yarda a wannan lokacin, don ya san matarsa a bakin gulbi aka haife ta, ta san warin abin da ruwa ya kwana a kansa tun kafin ta san karatu. Dillalin ya yi caraf ya ce wurin wanki ne ruwa ya shiga. Katantanwa a wurin wanki! Amma Baffa Ummaru ne ya gama da mu. Ya tuntsire da dariya, ya juya wajen mutane ya ce, "Jama'a, kun ji sabon bakanike! Yo mi mata sunka sani ga mota? Ku dai a buɗe muku ƙohwa ku shiga." Aka kwashe da dariya, har da ladan. Baba ya dubi ƙasa, sannan ya ce wa Inna ta koma ciki. Ina tsaye da laka a hannuna, na ji da ina da ƙarfi da na watsa wa Baffa ita a farar rigarsa.

Washegari da safe ina shara a ƙofar ɗaki na ji Baba yana yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa. "Na riga na ce na saya, gaban mutane. Kak ki ba ni kumya." Gonar tata ce, ba wanda zai iya sayar da ita in ba da yardarta ba, kuma ta san haka. Can ta ce, "Gona ba ta hi mutuncinka ba, Malam. Amma ka tuna na hwaɗi." Cikin mako guda aka yi ciniki da wani manomi a Argungu. Kaka ta aiko mana da buhun ƙarshe.

Gaskiya ita ce, duk ranin nan motar ta yi lafiya. Sau biyu muka je Argungu a cikinta, kowa da wurin zamansa, muna leƙe ta taga muna yi wa masu motar haya gwalo. A makaranta ma na yi kurin da bai kamata ba, a filin gaɗa na ce wa ƙawayena motarmu daga ƙasar waje take. Baffa kuwa duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga murya daga zaure ya tambaya ko bakanike tana ciki. Inna sai ta amsa gaisuwarsa ta aiko masa da ruwa.

Da ruwan farko ya sauka asiri ya fara tonuwa. Turare ya gudu, wani wari irin na tsohuwar rijiya ya fito ya zauna. Sai fitilu su kama da tsakar rana ba wanda ya taɓa su. Sai ham ya ɗauka shi kaɗai muna tsakar cin tuwo, Baba ya fita da gudu ya cire kan batir, yaran unguwa suna ihu wai motar Malam tana da aljanu. Mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya buɗe ƙasanta ya tarar duk wayoyin sun yi kore, tsatsa ta ci mahaɗarsu, ya ce wannan ai ambaliya ta sha, an dai wanke an fesa mata fenti. Abin da Inna ta faɗa kyauta a bakin zaure, sai da Baba ya biya namiji ya maimaita masa. Aka nemi mai jar hula aka rasa. Baffa ya ce ƙaddara ce, kuma shi ma ai yaudararsa aka yi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu wanda ya ja daban, wadda ruwan ya doka daban.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da za a kai wa Kaka jaririyar da Inna ta haifa, bayan arba'in. An yi wa motar gyara na uku, Baba ya ce yanzu ta warke. Muka kama hanya damina ta yi nisa, ko'ina kore. Gab da shiga Argungu, daidai inda hanya ke gangarawa kusa da fadama, sai ta yi tari biyu ta mutu. Duk faɗin hanyar nan ba ta ga wurin mutuwa ba sai nan. Muka fito, Baba ya buɗe banet yana kallon abin da bai sani ba. Inna ta goya jaririya ta taka zuwa bakin hanya ta tsaya. Daga nan ana hango gonar. Shinkafa ta tashi har gwiwa, ta yi duhu don kyau, wasu yara da ba mu sani ba suna tsalle a kan kunyar gonar da muke tsalle a dā. Na matsa kusa da ita ina jira ta yi magana, ta ce ai na faɗa, ta yi kuka, ta yi wani abu. Ba ta yi ba. Ta dai gyara goyonta ta ce, "Ya iya noma, Allah shi amfana mai." Ni ce na yi kukan, na haushi, har da shessheƙa. A bayan motar itace muka ƙarasa gidan Kaka.

Daga nan motar ba ta sake tafiyar kirki ba. Aka jawo ta aka ajiye a ƙofar gida, tayoyi suka sace, ruwa yana shiga ta bakin gilashi. Wata rana ƙanena ya shigo da gudu ya ce a zo a gani, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin kujera. Inna ta leƙa, ta ga 'yan siraran ganye a cikin lakar nan, ta ce, "To, ga gonata ta biyo ni." Mu yara muka yi dariya, Baba bai yi ba. Shekarar ce muka fara sayen shinkafa a kwano kamar baƙi. Motar Alhaji Rasaki kuwa wani mutumin Gwadangaji ya saya, kuma har na gama sakandare ina ganinta tana wucewa da buhuna a but da yara a layi uku.

Baba ya amsa laifinsa, amma a ɗaki, shekaru bayan haka, da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce hancin uwarmu ya fi bakanike goma. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai har ya koma ga Mahaliccinsa ina jin ciwon cewa a ƙofar gida aka yi mata dariya, a ƙuryar ɗaki aka ba ta gaskiya.

Bara ni da maigidana muka tashi sayen mota, don mu ma yara sun kai huɗu. Yanzu zamani ya canza, akwai na'urar da ake maƙala wa mota ta faɗi ciwonta, kowa kuma yana da hotuna a waya. Na ce duk na ji, amma ba za a biya ko sisi ba sai Inna ta gani. Na ɗauko ta da sandarta har wurin masu sayarwa. Wani matashin dillali ya fara murmushi, na dube shi sau ɗaya ya haɗiye abinsa. Inna ta wuce masu sheƙi ta shiga wata mai layi uku, ta rufe ƙofa, ta lumshe ido. Sannan ta kira 'yata ta ce ta zura hannu ƙarƙashin kujera. Ƙura kawai yarinyar ta debo, da murfin biro. Inna ta ce, "Wagga ba ta sha ruwa ba. Ku ɗauka."

A cikinta muka kai Inna Argungu lokacin kakar shinkafa. Da muka zo gangaren nan ta ce a sauke mata gilashi. Ba ta ce a tsaya ba, ba ta kuma nuna wa jikokinta komai ba, iskar kawai ta shaƙa har muka wuce. Mota dai mun samu, kowa da wurin zamansa. Gonar ce har yau take hannun wani.