Dogayen Hotunan Kawu Bitrus

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Malam Bitrus, ƙanin mahaifiyata, malamin firamare a Manchok. Ya bar matarsa, Mama Ladi, da amininsa Malam Ishaku, da ni da ya riƙa tun ina aji biyu.

Kawu bai taɓa ganin teku ba. A kwalejin horon malamai ya ga hoton tsuntsayen teku jere a jikin wani dutse, ya ce ai mu ma muna da namu. Bayan garinmu akwai dutse mai tsayayyiyar fuska, inda hasbiyoyi da ungulaye suke sheƙa. Kyamararsa ba ta iya ɗauke faɗinsa gaba ɗaya, don haka yakan tsaya wuri guda ya ɗauka sau bakwai, yana juyawa kaɗan kaɗan. In an wanko hotunan daga Kafanchan sai ya yanka ya manna su a kwali, su zama hoto guda mai tsawon gaba. Ba ya yarda mahaɗi ya faɗa kan tsuntsu, kada a ƙirga shi sau biyu. Kowace sheƙa kuma yakan sa mata lamba da fensir.

Da fari dariya ake yi masa. Wani dattijo ya taɓa tare shi a ƙofar majami'a ya ce, "Malam, ka kwashe yaranmu, yanzu 'ya'yan ungulu za ka sa a makaranta?" Amma da suka ga layuka da lambobi, sai dariyar ta ɗauke. Takarda irin wannan a hannun safiyo mai auna ƙasa kaɗai suka taɓa ganin ta, shi kuwa safiyo ba ya zuwa sai ƙasa za ta salwanta.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Kashegarin jana'iza Malam Ishaku ya ɗauke akwatin ƙarfen da hotunan suke ciki, wai zai adana. Shekara ba ta zagayo ba masu fasa dutse suka sauka da nakiyarsu, aka wayi gari kowa yana cewa Bitrus ne ya auna musu. Wanda suka ɗauka ya shugabanci leburorinsu kuwa Malam Ishaku ne.

Da na dawo daga jami'a na je neman akwatin. Ya ba ni kujera, ya yaba karatuna, ya ce gara ta cinye kome. Na kai wa Mama Ladi amsar. Ta ce, "Ɗana, gara na cin ƙarfe?"

Na san an ce zato zunubi ne, ban kuma ga kome da idona ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya dubi kwalayen nan zai ga sheƙuna aka ƙirga, ba tsakuwa ba, kuma mutum ɗaya ne a garinmu zai cutu in an gani.

Da Kawu zai taso yau, ban san wanne zai fi ƙona masa rai ba: rabin dutsen da ya koma shimfiɗar titi, ko matarsa da ke zama ita kaɗai a bencin baya ranar Lahadi. Almajiransa suna nan, sun iya ƙirga ba sa tsallake. Abin da ya salwanta kuwa ga lissafinsa: dogayen hotuna goma sha huɗu, littattafan ƙirga uku, kyamara ɗaya, suna ɗaya.