Cikin da Kowa Ya Gani, Ba Wanda Ya Faɗa

Shekarar da korona ta shigo, ni amarya ce da ban daɗe a ɗaki ba. 'Yar Ajingi ce ni, aure ya kawo ni Gaya, gidan wani bawan Allah mai sayen gyaɗa yana kaiwa Kano. A gidanmu an san ni da surutu, har babata kan ce rediyo ma ana kashe ta ta huta, ban da ni. To amma wannan bakin nawa, da ya zo kan magana ɗaya tak, sai ya mutu murus. Ina ɗauke da cikin fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a faɗar cikin fari. Sai dai ki zumbula hijabi, ki yi ta tofar da yawu a ɓoye, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Maigidana kaɗai nake iya yi wa zancen, shi ma a kaikaice. Shi yake kai ni awo a bayan babur, mu bi ta bayan layi kamar marasa gaskiya. Malamar asibitin da ke duba mu ta tara mu ta yi mana bayani sosai: mu guji taro, mu rufe hanci da baki, mu yawaita wanke hannu da sabulu, kada tsoron cutar ya sa mu daina zuwa awo, kuma duk wadda ta ji zazzaɓi ko tari ta zo da wuri. Na riƙe maganarta. Da aka yi kullen korona ma daɗi na ji, don ga maigida a gida, ni ko ɗiban ruwa an ɗauke mini.

Ciki ya fara motsi ke nan sai yayan mahaifin mijina ya rasu a Kademi. Surukata, wadda muke kira Inna, ta aiko cewa in shirya mu tafi zaman makoki. Nan fa muka zauna ni da maigida muna tura wa juna. Na ce ya je ya gaya mata halin da nake ciki, ya ce shi da wane bakin? Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa Bafulatana ce, ko sunansa ba ta faɗa, in ya shiga gaishe ta bango take kallo. Ya ce ni in faɗa, tunda ni ce mai baki. Na ce ai gara ƙasa ta tsage in shige. Haka muka yi ta yi, manya biyu da hankalinmu, har mai adaidaita sahu ya iso ƙofar gida.

Na tafi da takunkumina a ƙarƙashin hijabi. Ɗakin da aka sauke mu cike yake da mata, gwiwa na gugar gwiwa, ga zafi, ga masu tari ta kowace kusurwa. Ban daɗe da zama ba wata gwaggon mijina ta dube ni ta tambaya ko wari suke yi mini ne, da na ɗaure baki kamar akuyar da ake hana ta ɓarna. Aka yi dariya, duk da gidan mutuwa ne. Kunya ta kama ni, na cire na cusa a jaka. Daga nan kuwa komai da ni aka yi. Duk wadda ta shigo sai ta riƙe hannuna, moɗa ɗaya muke shan ruwa da ita, kwano ɗaya muke sa hannu, har aka yi sadakar uku muka dawo.

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kwantar da ni, tari ya biyo baya. Ranar da na buɗe kwanon daddawa na kai hancina ban ji komai ba, sai na tuna na ji ana faɗa a rediyo cewa hakan alamar korona ce. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron cikina, wanda ya saba shurina da zarar na sha koko, ya yi shiru. Na kwanta ta dama, na juya ta hagu, na dafa, na yi addu'a, shiru. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kuka nake ina cewa na saida ɗana saboda kada a yi mini dariya.

Maigida ya rasa yadda zai yi, ya ruga ya kira Inna. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta dube ni, ba ta tambayi komai ba, ta ce a ɗauko mota yanzu. A asibiti aka ware ni gefe guda, malamar nan ta zo da rufaffiyar fuska ta ɗora na'urarta a cikina. Ta daɗe tana laluba. Can sai ga bugun zuciya, da sauri da sauri, ta ce in saurara da kyau, mutumin nawa yana nan. Aka sami zazzaɓin sauro a jinina aka ba ni magani, aka ce in keɓe kaina a ɗaki har in warke. Ko korona ce ta haɗu da shi, ko ba ita ba ce, har yau ban sani ba. Faɗa kam na sha shi wajen malamar.

A kwanakin keɓewar ne Inna ta ba ni mamaki. Kullum ita ke kawo mini kunu da farfesu ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna daga waje, ta juya mini baya. Wata rana, tana kallon katanga, ta ce ita fa ta riga ni sanin abin da ke jikina, tun ranar da na ƙi cin miyar kuka a gidanta. Ta ce da ta aiko a kira ni, addu'a take yi in aiko cewa ba ni da lafiya, ta samu abin gaya wa dangi. Ita ba za ta iya buɗe baki a gaban mutane ta ce matar wancan yaron tana da juna biyu ba. Ashe mu uku ne, kowa na jiran wani ya fara.

Allah ya sauke ni lafiya, na sami ɗa namiji. Ranar da mata suka fara tururuwar zuwa barka, Innar nan mai kunya ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a zaure, ga bokitin ruwa ga sabulu. Duk wadda ta zo sai ta wanke hannu, ta leƙa daga ƙofa ta yi addu'a ta juya. Gwaggon da ta yi mini ba'a ma haka ta yi, tana ta mita. Masu fushi sun yi, sun kuma huce. Yaron yanzu yana makarantar allo, kuma surutuna ya kwaso kaf.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana mata, musamman masu cikin fari. Kunya abu ne mai kyau, ni ma ban yar da tawa ba. Amma in ana annoba, ko kika ji jikinki ba daidai ba, ki faɗa. In bakinki ba zai iya ba, ki aika ƙawa ko yayarki. Kada ki shiga taro don gudun surutu, kada ki fasa awo, kada ki cire abin da aka ce ki sa don wata ta yi dariya. Iyayenmu surukai kuma, ku taimaka ku fara yi mana uzuri. Mai yi miki dariyar nan gidanta za ta koma ta yi barcinta, ke ce za ki kwana dafe da ciki kina jiran motsi.