Asalin Shuɗiyar Jarka: Daga Ringim Zuwa Challawa

Mijin yayar matata, wanda muke kira Alhaji, ya sayar mana da jarkokin da aka taɓa zuba gubar jima a ciki, ya ce sababbi ne fil daga kamfani. Matata ta zuba man gyaɗarta, mutane suka saya, yaran gidaje suka yi ta amai da gudawa. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma tun daga nan ko gidan suna ta aika da abinci, a rufe ake dawo mata da kwanon. Shi kuwa Alhaji ya ce ƙazantarta ce. Abin da ya kai ni Kano ke nan.

Mun tashi daga Ringim ana idar da sallar asuba, ni da wani maƙwabcina da ya taɓa leburanci a Bompai, da jarka guda a buhu. Hanya duk ramuka. Kwandasta ya ce jarka ma sai ta biya, na ce to ya ba ta kujera jikin taga. Muka sauka a Yankaba, muka sha koko da ƙosai a tsaye, sannan muka ratsa Dakata a kan acaɓa, tireloli na hura mana hayaƙi.

Bompai ta ba ni tausayi. Kamfanoni da yawa a garƙame, ciyawa ta cinye ƙofa, masu aikin kuma da janareta suke yi. A wani kamfanin ruwan gora maigadi ya hana mu shiga, sai da wani ɗan Nijar, tsohon abokin aikin maƙwabcina, ya fito hutu. Ni karatuna bai wuce firamare ba, a wurina roba roba ce. Shi ya kifa mini gora ya nuna mini wata 'yar alama mai kusurwa uku a gindinta, da lamba a ciki. Mai lamba ɗaya ita ce garau ɗin nan ta ruwa da lemo. Ba ta son zafi, shi ya sa take ƙanƙancewa in mata sun zuba mata kunu daga tukunya. Mai lamba biyar tana jure zafi, da ita ake yin murfi da wasu kwalaben magani. Ya duba jarkata ya ce ba layinsu ba ne, mu je Sharaɗa.

A Sharaɗa muka samu inda ake busa jarkoki. Robar tana zuwa ne a buhu, ƙwayoyi farare kamar shinkafa, inji ya narkar da ita ya hura. Zafin wurin ya fi na gidan burodi. Wani mai kula da inji ya fito cin garau-garau, muka zauna tare. Ya ce mai laushin nan da ake matsawa, ta maganin ɗigon ido, lamba huɗu ce. Lamba uku ta fayif ce, abinci ba ya kusantarta. Sai ya juya jarkata.

"Lamba biyu. Malam, robarka mai kyau ce. Da ita ake yin jarkar man girki."

In roba ba ta da laifi, to maganar Alhaji ta tabbata a kan matata ke nan.

Ya buɗe murfi ya sansana, ya shafa kafaɗar jarkar da babban yatsa, inda ta ɗan yi kaushi. "Amma wannan ta taɓa aiki. An kankare takarda a nan. Irin wannan robar tana shan abin da ya daɗe a cikinta."

Na ce matata ta wanke ta da toka da ruwan zafi, ta shanya a rana, kamar yadda kowa ke yi.

"Wannan wankin ƙwarya ne, Malam. Ku je Challawa, bayan majemu."

Tun kafin mu isa Challawa wari ya tare mu. Ruwan kwata wani wuri kore, wani wuri baƙi, awaki ma kewaye shi suke yi. Bayan katangar wata majema muka tarar da fili cike da shuɗayen jarkoki irin tawa sak. Wasu mutane na kankare takardun jikinsu da reza, wasu na cuɗa su da yashi da kanwa. Na ɗauki wadda ba a kankare ba. Ban iya karanta Turancin ba, amma hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa ba ya buƙatar malami.

Na tambayi mai filin ko ana zuba man gyaɗa a ciki.

"Mu dai kowa muna gaya masa ta kananzir ce da baƙin mai. In ya fita da ita, shi da Allah."

Na kwatanta masa Alhaji da farar a-kori-kurarsa. Ya yi dariya. "Mutumin Ringim? Ai shi da hannunsa yake zaɓa. Wadda kankara ta fito fili ba ya ɗauka."

Daga nan muka hau motar gida. Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne: ka kifa gora ka duba gindinta, ka kuma tambayi abin da ta ɗauka kafin ta zo hannunka. Na isa bayan magariba na gaya wa matata. A ranar ta ci tuwo, bayan kwanaki tana ture kwano.

Washegari bayan la'asar na samu Alhaji a ƙofar shagonsa, dattawan unguwa na zaune a tabarma. Ya ce in shigo ciki mu yi magana. Na ƙi.

Na ce, "Alhaji, a waje kuka ce matata ƙazama ce, a waje za ku ji. Na je Challawa, na ga inda kuke zaɓar jarka. An gaya muku ta kananzir ce, kuka kawo wa ƙanwar matarku ta zuba abin da yara za su ci. Ba na neman komai a wurinku. Gidajen da yaransu suka kwanta kun san su. Ku bi su da ƙafarku, ku faɗa musu wanda ya kawo jarkar. In ba ku je ba, ni zan je, kuma ba zan ce Alhaji ba, sunanku zan kira."