Ajiyar Baba a Tafkin Kan Dutse

Da sunan Allah nake farawa. 'Yan'uwa na Maraɗi da Madarunfa, kuna ta tambayar labarin surukina, Baba Alhaji, a waya, kuma katin waya ba ya isar dogon zance. Shi ya sa na rubuto.

Kun san Baba ya zo Greensboro ne don a cire masa yanar ido. An yi na dama ya warke, saura na hagu, sai ya ce a nemo masa tikitin komawa gida. Ya ce ido ɗaya ya ishe shi. Mutumin da ya tsufa yana su a tafkin Madarunfa, ga shi a ɗaki, bai ga ruwa ba sai na famfo. Matata Rabi ta yi magiya har ta gaji, ta juyo kaina: "Kai ne namiji, ka yi masa magana." Ni da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Abokina Lawali, mai taksi, shi ya ce mu kai shi wani ɗan tafki da ya sani a kan duwatsun yamma, ko iska ta kwance mini baki.

Tashi daga Greensboro

Mun tashi ran Asabar bayan sallar asuba, cikin watan Yuni, gari bai gama wayewa ba. Kafin ranar na tambayi lokotoro, wato likitan idonsa, sau biyu ko iskar dutse za ta taɓa idon. Na duba tayoyin Lawali da hannuna. Na ɗauki fasfo ɗin Baba, da maganin ɗigawa, da baƙin tabarau, da buta, da bargo.

"Isuhu, hijira za mu yi?" in ji Lawali.

"Idan jandarma suka tare mu fa?"

"Nan ba hanyar Dan Issa ba ce. Shiga mota."

Har muka wuce Winston-Salem takardun suna kan cinyata. Ba shinge, ba igiya, ba wanda ya ɗaga mana hannu. Baba yana gaba, ya ce, "Ƙasar nan ba ta da masu tsaron hanya ne?" Lawali ya ce suna nan, a ɓoye suke. Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba.

Wilkesboro

Nan muka sha isansi, wato man mota. A shagon suna sayar da farmi, wato takardar izinin kamun kifi, na yanki na Baba, na yanki nawa, na ce a yanka wa Lawali ma, don kada a ce yana tsaye kusa da masu kamu. Rabi ta haɗo mana dambu da soyayyar kaza. Na zuba wa Baba nasa, na zaga bayan mota na tsuguna da nawa. Wani bature mai babbar mota ya zo ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Hawan dutse

Daga nan hanya ta fara hawa tana nannaɗewa. Kunnuwana suka toshe, na ɗauka hawan jini ne, sai Baba ya ce nasa ma haka. Lawali ya ce mu haɗiyi yawu. Wajen garin Boone muka bar babbar hanya muka bi ƙarama, itatuwa masu ganye kamar allura sun rufe ta ta kowane gefe. A wata kwana na leƙa, na ga gajimare a ƙasanmu. Ban sake leƙawa ba. Akwai kuma allo mai hoton wata baƙar dabbar daji da suke kira beya, wai kada a bar abinci a fili. Na tura sauran kazar ƙarƙashin kujera.

Bakin tafki

Da hantsi muka isa. Tafkin ƙarami ne, mutum zai zagaye shi da ƙafa bai gaji ba, yana kwance tsakanin duwatsu kamar ruwa a ƙwarya. Abin da ya fara ba ni mamaki, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Baba ya tsuguna ya sa hannu, ya janye da sauri.

"Wannan ruwan randa ne ko na firji?"

Mutane suna ta harkarsu: wasu na zagaye da karnuka, yara na iyo a gefe guda da aka kewaye da igiya, wasu kuwa suna zaune kawai suna kallon ruwan. Na daɗe ina tunanin karnukan nan da alwala, har na tambayi Baba ta bakin Lawali. Ya ce ruwa mai yawa ne, in yi alwalata.

Wata tsohuwa ce ke ba da hayar kwalekwale da fatsa. Baba ya sa Lawali ya yi ta jera mata tambayoyi. Wa ya haƙa shi? Ta ce da can rafi ne, masu saran katako suka datse shi don su tara gungume a ruwa, kakanta ma ya yi aikin. Da itatuwa suka ƙare suka tafi, daji ya sake tsirowa, aka zuba kifi. Da sanyi yakan daskare, mutanen da suna yanka ƙanƙarar su binne a garin katako har zafi.

"Tambaye ta wane wata yake janyewa a yi shuka a bakinsa."

Ta ce ba ya janyewa. Baba ya ce ba a yi tafkin da ba ya janyewa ba. Ta nuna gindin dutse da hannu, wuri biyu, ta ce daga nan ruwa ke ɓuɓɓugowa rani da damina.

"Ido biyu gare shi, Baba," in ji Lawali, yana kallona.



Sai tsohuwar ta faɗi dokar wurin, kuma wannan na ji da kunnena: duk kifin da aka kama, a cire ƙugiya a mayar da shi ruwa da ransa. Na ja Lawali gefe na ce ya faɗa wa Baba.

"Surukina ne? Ni ruwa ma ba na shiga. Ina nan ina gadin kaza."

Cikin kwalekwale

Kwalekwalen nasu ba irin namu ba ne. Mai tuƙi yana ba gaba baya, filafili biyu a hannu, fuskarsa tana kallon wanda ya ɗauko. Wato ni da Baba gwiwa da gwiwa, cikin rigunan ruwa masu ruwan lemo, ba inda zan kai idona sai takalmansa. Na ja filafili, muka juya a wuri ɗaya. Na sake ja, muka sake juyawa. Daga baki ina jin Lawali yana cewa, "Ɗawafi kuke yi?"

Baba ya ce, "Hannun hagunka ya fi ƙarfi. Sassauta shi." Muka miƙe.

A tsakiya ya ɗaga tabarau ya leƙa ruwan. Ya daɗe. Na ga ya rufe idon dama da tafin hannu, ya buɗe, ya sake rufewa.

"Ikon Allah. Da wannan ina ganinsu har ƙasa, suna tsaye kamar an jera. Da wannan kuwa sai kunu."

Nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki na ce, "Baba, kada ruwa ya fantsama a idon."

Ya jefa fatsa. Na yi ta addu'a a zuci kada ya kama komai, Allah Ya yafe mini. Ba a jima ba sandar ta lanƙwashe. Ya jawo shi a hankali, kifi mai tsawon kamu biyu, jikinsa ɗigo-ɗigo, da jan layi a gefe. Ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba. Baba yana dariya, dariyar da ban ji ba tun saukarsa.

"Yau Rabi za ta yi mana farfesu. Miƙo leda."

Ban miƙa ba. Ga tsohuwar can tana kallo, ga kifin yana buɗe baki a hannunsa.

"Baba, a yi haƙuri. Mayar da shi za a yi."

"Mayar da shi ina?"

"Ruwa. Dokar wurin ce. An faɗa mini tun a bakin tafki, na kasa faɗa muku."

"A kama kifi a sake shi? To don me aka kama?"

"Wai don wani ma ya zo ya samu."

Ya dube ni, ni ma na dube shi, karo na farko. Idon dama tas, na hagu fari kamar an ɗiga nono. Tunda bakin ya riga ya buɗe, sai sauran ya biyo.

"Baba, ku tsaya a yi ɗayan. Rabi ba ta barci. Idan kuka koma haka, na hagun rufewa zai yi, kuma tafiyar nan ba a yin ta sau biyu."

Na ce a raina shi ke nan, na yi wa surukina rashin kunya a tsakiyar ruwa, ba wurin gudu.

Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya sa kifin a ruwa yana riƙe da shi har ya motsa ya sulale.

"Ashe kana da murya, Isuhu," ya ce. Ya bi kifin da kallo. "Gefe ɗaya na gan shi. Ka faɗa wa tsohuwar nan ajiya na bari, zan dawo in duba ɗaya gefen."

Komawa

Mun yi azahar a kan ciyawa, ruwan alwala yana sa haƙora kaɗawa. A Wilkesboro na ɗauki kwanona zan zaga bayan mota, Baba ya ce, "Zauna nan. Wanda ya hana ni kifina ba zai ɓoye mini kaza ba." Na zauna, amma loma uku na iya.

Mun shiga Greensboro kafin magariba. Rabi ta tare mu a ƙofa tana duban hannuwanmu.

"Ina kifin?"

"Tambayi mijinki," in ji Baba. "Kuma ki kira lokotoron nan ran Litinin."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Lawali da motarsa. Wanda ya je Madarunfa ya faɗa wa masunta Baba yana gaishe su, kuma a ajiye masa komarsa inda ɓera ba zai kai ba, sai bayan damina.